Tarihin Hutun Bazara, Littattafan Soyayya da Farautar Fatalwa a Ingila

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai sayar da hatsi a ƙasar Damagaram. Ya ce ya ji ana faɗi wai a ƙasar Ingila, da zarar an shiga hutun bazara, sai mata su kwashi littattafan soyayya su nufi bakin teku, wasu samari da 'yan mata kuma su biya kuɗi su kwana a tsofaffin gidaje don neman fatalwa. Shi ne yake so a ba shi tarihin wannan al'ada, yana kuma tambaya, shin tun da suke wannan farauta sun taɓa kama ko da guda ɗaya?

To Malam, mun gode da takardarka. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma abubuwan nan uku da ka ambata uwa ɗaya ta haife su, watau samun sarari da ɗan abin kashewa a aljihu. Amma kafin mu yi nisa bari mu daidaita kalma. Abin da Turawa ke nema a waɗannan gidaje shi ne kurwar mamaci, wadda suke zaton tana komowa wurin da ya zauna ko wurin da ya mutu. Ita ce Bahaushe ke ce wa fatalwa. Batun aljanu daban yake, ba a kansa muke magana yau ba.

Asalin hutun bazara

Bazarar Ingila tana faɗowa ne a watannin Yuni da Yuli da Agusta, watau lokacin da mu muke tsakiyar damina. A ƙarshen Yuni, yini a birnin Landan yakan wuce sa'a 16, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. A watan Disamba kuwa yinin ba ya cika sa'a 8, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Ka ga ke nan mutumin da sanyi ya kulle a ɗaki wata da watanni, dole ya yi ɗokin fita idan rana ta buɗe.

Sai dai a zamanin da, manomin Ingila bai san wani abu wai shi hutun bazara ba, domin lokacin ne aiki ya fi yi masa yawa. A Yuni da Yuli yana yankan ciyawar da dabbobi za su ci da hunturu, a Agusta kuma yana girbin alkama da sha'ir. Hutu na masu filaye ne da attajirai. Su ne ke zuwa garin Bath, inda akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi, su yi wanka da sunan neman lafiya, da dare kuma a yi rawa da caca da neman aure. A shekarar 1750 wani likita mai suna Richard Russell ya wallafa littafi yana cewa ruwan teku magani ne, a sha a kuma yi wanka da shi. Wannan ya sa masu hali suka fara kwarara zuwa Brighton, wani ɗan garin masunta, balle da yarima mai jiran gado ya fara zuwa can a 1783.

Jirgin ƙasa ne ya buɗe wa talaka ƙofa. Ran 5 ga watan Yuli na 1841, wani kafinta mai wa'azin hana shan giya, sunansa Thomas Cook, ya yi shatar jirgi ya kwashi mutum wajen 500 daga garin Leicester zuwa Loughborough, tafiyar da ba ta fi mil 12 ba, kowa ya biya sule ɗaya zuwa da dawowa. Daga nan sana'ar shirya wa jama'a yawon shaƙatawa ta kankama. A 1871 majalisar dokokin Ingila ta amince da dokar wani ɗan majalisa mai suna John Lubbock, wadda ta ware ranaku huɗu na hutu a shekara. Ɗaya daga cikinsu wata Litinin ce da ke faɗowa a Mayu ko Yuni, kuma ita jama'a suka ɗauka a matsayin buɗe kakar yawo. Wata doka ta 1971 ta tsayar da wannan rana a Litinin ta ƙarshen watan Mayu.

A lardin Lancashire, inda masaƙun auduga suke, kowane gari yakan rufe masaƙunsa na mako guda don a gyara injuna. Ba a biyan ma'aikata ko kwabo a wannan mako, saboda haka sai su yi ta zubi duk shekara, irin adashin da kuka sani, idan lokaci ya yi a raba, gari ya tashi kacokan zuwa bakin teku a Blackpool. Sai a 1938 aka yi dokar da ta ba wasu rukunin ma'aikata hutun mako guda tare da albashinsu.

Littafin da ake tafiya hutu da shi

To wanda ya je hutu, ga dogon yini ga ba aiki, me zai yi? Balle Ingila ƙasar ruwan sama ce, yakan tsare mutum a masauki yini guda cur. Nan littafi ya samu kasuwa. A wancan zamani littafi yana da tsada ƙwarai, don haka a kowane garin shaƙatawa sai ka tarar da shagon hayar littattafai, ka biya ɗan kuɗi ka karanta ka mayar.

Masana da dama suna ɗaukar littafin Pamela, wanda Samuel Richardson ya fitar a 1740, a matsayin kakan littattafan soyayya na Ingilishi. Labarin wata 'yar aiki ce da maigidanta ya yi ta neman lalata da ita ta ƙi, har daga ƙarshe ya aure ta. A 1764 kuma Horace Walpole, ɗan wani tsohon firayim minista, ya fitar da The Castle of Otranto, inda ya haɗa soyayya da fatalwa a cikin tsohon gidan sarauta. Wannan haɗi ya karɓu ƙwarai. Wata mata mai suna Ann Radcliffe ta ƙware a kansa har aka biya ta fam 500 a kan littafinta na 1794, kuɗin da leburan gona na lokacin zai yi shekaru masu yawa bai tara ba. Tsarin kusan ɗaya ne kullum: budurwa marainiya, da mugun attajiri, da gida mai ɗakuna a kulle, da motsi cikin dare, da saurayin da zai cece ta. Abin lura shi ne, ita wannan mata a ƙarshen labari takan bayyana cewa abin da aka zaci fatalwa ce, mutum ne ko wani abu na yau da kullum.

Wata marubuciya, Jane Austen, ta yi wa masu irin wannan karatu ba'a a littafinta Northanger Abbey, wanda ya fito a ƙarshen 1817. A ciki, wata yarinya 'yar shekara 17 ta je hutu Bath, ta cika kanta da waɗannan littattafai, sai aka gayyace ta wani tsohon gida. Cikin dare ta yi ta binciken wani kabad har ta ci karo da wasu takardu a naɗe, ta kwana tana rawar jiki tana zaton asirin kisan kai ne. Da gari ya waye ta duba, ashe lissafin kayan wanki ne. Ka ga tun shekara 200 da suka wuce an san yadda hutu da karatun soyayya ke tura mutum leƙen ɗakuna cikin dare.

Akwai ma wani hutu da manoma za su so jin labarinsa. A watan Afrilu na 1815 dutsen Tambora na ƙasar Indunusiya ya yi aman wuta, tokarsa ta bazu a sararin sama ta rage hasken rana. Shekarar da ta biyo, 1816, Turawa suna kiranta shekarar da ba ta da bazara: amfanin gona ya lalace a Turai, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabi, talakawa suka sha yunwa. A watan Yunin wannan shekara wasu marubutan Ingila suna hutu a bakin tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan, ruwa ya hana su fita, sai suka zauna suna karanta labaran fatalwa, har suka yi gasar kowa ya rubuta nasa. Daga nan wata budurwa 'yar shekara 18, wadda aka sani daga baya da suna Mary Shelley, ta fara littafin Frankenstein, wanda ya fito a 1818. Manomi yana kukan gonarsa, mai hali yana neman abin da zai ba shi tsoro don nishaɗi.

Daga baya kasuwar ta ƙara faɗi. A 1848 kamfanin W. H. Smith ya buɗe rumfar sayar da littattafai a tashar jirgin ƙasa ta Euston a Landan, don matafiyi ya samu abin karantawa a hanya. A 1908 aka kafa kamfanin Mills & Boon, wanda daga shekarun 1930 ya mai da hankali kan labaran soyayya. Littattafansa sun iso har makarantun sakandare na Nijeriya, kafin marubutan Kano su cika kasuwa da nasu na Hausa daga shekarun 1980.

Fatalwar da bashi ya haifa

Yanzu sai mu zo kan farautar kanta. Wani abu da ya tara jama'ar Landan a kan fatalwa ya faru ne a 1762, a wani lungu da ake kira Cock Lane. Wani mai suna William Kent ya kama haya a gidan Richard Parsons, magatakardan wani coci, tare da wata mata mai suna Fanny, ƙanwar matarsa da ta rasu. Kent ya ranta wa maigidan fam 12 da sule 12, shi kuwa ya ƙi biya, har magana ta kai ga lauya. Kent ya tashi daga gidan, kuma a farkon 1760 Fanny ta mutu da ciwon agana.

Bayan shekara biyu sai aka riƙa jin ƙwanƙwasa da karce a jikin gadon 'yar maigidan, yarinyar da ba ta wuce shekara 12 ba. Uban ya ce kurwar Fanny ce. Aka shirya yadda za a yi mata tambaya: bugu ɗaya na nufin i, bugu biyu na nufin a'a. Da aka tambaye ta ko agana ce ta kashe ta, sai ta nuna wai guba Kent ya ba ta, kuma tana so a rataye shi. Jaridu suka ɗauka, lungun ya cika maƙil har keken doki ba ya iya wucewa, maigida yana karɓar kuɗin shiga, masu gidajen giya na unguwar suna ta ciniki. Har ƙanen sarki ya je kallo, tare da Horace Walpole ɗin nan da muka ambata, shekara biyu kafin ya rubuta littafinsa.

Shi kuwa Kent ransa yana hannun Allah, domin jama'a sun riga sun yanke masa hukunci. Sai aka kafa kwamitin dattawa, cikinsu har da shahararren malamin nan Samuel Johnson. Fatalwar ta yi alkawarin za ta buga akwatin gawar Fanny idan aka je inda aka ajiye ta a ƙarƙashin coci. Aka je cikin dare ran 1 ga Fabrairu, aka yi ta kira, shiru. Daga baya aka kai yarinyar wani gida, aka tsorata ta da cewa idan ba a ji motsi ba za a kai ta kurkuku ita da ubanta, aka kuma sa masu leƙe. Nan aka gan ta tana ɓoye wani ɗan katako a cikin rigarta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kotu ta samu Parsons da laifin haɗa baki don a hallaka mutum, aka yanke masa shekara biyu a kurkuku, aka kuma sa shi a turu a bainar jama'a har sau uku.

Daren da aka harbe birkila

Kent ya tsira. Wanda bai tsira ba shi ne Thomas Millwood, kuma labarinsa ne muke so ka fi riƙewa. A ƙarshen shekarar 1803 jita-jita ta cika Hammersmith, wani ƙauye a yammacin Landan wanda yanzu birni ya haɗiye, cewa wata farar fatalwa tana tare mutane kusa da maƙabarta. Aka ce kurwar wani ne da ya kashe kansa. Wannan ya ce ya gan ta, wancan ya ce ta shaƙe shi. A lokacin ba a kafa rundunar 'yan sandan Landan ba tukuna, sai a 1829, don haka mazan ƙauyen suka shiga sintiri da bindigogi.

Shi Millwood birkila ne, kuma kayan aikin masu sana'arsa farare ne: farin wando, farar riga, da farin ƙyalle da ake ɗaurawa a gaba. An riga an taɓa firgita da shi a hanya, har surukarsa ta roƙe shi ya riƙa ɗora babbar riga a kai, bai ji ba. Daren 3 ga Janairu na 1804, wajen ƙarfe 11, ya fito daga gidan iyayensa zai koma gida. A wani lungu mai duhu ya yi kiciɓis da Francis Smith, wani ma'aikacin haraji ɗan shekara 29, wanda ya fito farautar fatalwa da bindiga. Smith ya daka masa tsawa yana tambayar ko wane ne, kuma kafin a yi wata-wata ya sakar masa harsashi a muƙamuƙi. Ƙanwar Millwood tana jin tsawar da ƙarar bindigar daga gida. Nan take ya cika.

Aka gurfanar da Smith a babbar kotun Landan bayan kwana 10. Mutanen nan 12 da ke taya alƙali yanke hukunci suka tausaya masa, suka ce kisan kuskure ne. Alƙali ya ce sam, doka ba ta san wannan ba. Ya ce ko da mai shigar fatalwar ne da kansa Smith ya harbe, laifin tsorata mutane ƙaramin laifi ne da bai kai a kashe mutum a kansa ba, balle wanda bai ji ba bai gani ba. Aka yanke masa hukuncin rataya, daga baya sarki ya sassauta zuwa ɗaurin shekara guda da aiki mai tsanani. Wannan shari'a ta bar wa lauyoyin Ingila muhawarar da suka yi kusan shekara 180 suna yi, a kan matsayin wanda ya yi ɓarna bisa kuskuren fahimta.

To ina fatalwar? Da labarin kisan ya bazu sai wani baduku mai ɗinkin takalma, John Graham, ya fito ya amsa cewa shi ne ya lulluɓa da farin mayafi don ya tsorata yaran shagonsa, saboda suna firgita masa 'ya'ya da labaran fatalwa. Wasan da aka fara a shagon takalma, shi ya ƙare da gawar birkila.

Daga Amurka zuwa gidan Borley

A ƙarshen Maris na 1848, a wani ƙauye mai suna Hydesville a jihar New York ta Amurka, wasu 'yan mata biyu 'yan gidan Fox suka ce wata kurwa tana amsa musu da ƙwanƙwasa. Kafin ka ce kwabo abin ya zama sana'a, ana cika zaure ana biyan kuɗi don a yi magana da matattu, kuma ya tsallaka teku zuwa Ingila. Bayan shekara 40, a 1888, ɗaya daga cikinsu, Margaret, ta hau dandamali a birnin New York ta nuna wa jama'a yadda take fitar da ƙarar da gaɓar yatsan ƙafarta. Ta janye maganar a shekarar da ta biyo, amma dai mutane sun riga sun gani da idonsu.

Ganin yadda abin ya yi yawa, wasu malaman jami'a suka kafa ƙungiyar binciken irin waɗannan al'amura a Landan a 1882, shugabanta na farko Henry Sidgwick na jami'ar Cambridge. Suka tambayi mutum 17,000 ko sun taɓa gani ko jin wani abu alhali suna farke kuma babu kowa a wurin. A rahoton da suka fitar a 1894, kimanin mutum ɗaya cikin goma ya ce i. Wannan ya nuna cewa masu cewa sun gani ba duka ne maƙaryata ba. Mutum mai cikakken hankali yana iya ganin abin da babu shi.

Amma wanda ya mai da farautar fatalwa abin yi na kowa da kowa shi ne Harry Price, kuma fagensa shi ne gidan limamin cocin ƙauyen Borley a lardin Essex. An gina gidan a 1862. Labarin da ake bayarwa kuwa, kai ka ce daga littafin soyayya aka ciro shi: wai a zamanin da wani ɗan zuhudu da wata 'yar zuhudu sun faɗa soyayya, aka kama su za su gudu, aka kashe namijin, ita kuma aka gine ta da rai a cikin bango. Da aka bincika tarihi ba a samu wata shaida cewa hakan ya taɓa faruwa ba. Duk da haka, a wata yammaciyar bazara, ran 28 ga Yuli na 1900, 'yan matan gidan huɗu suka ce sun ga matar tana tafiya a lambu.

A watan Yuni na 1929 jaridar Daily Mirror ta buga labarin, ta kuma kawo Price. Zuwansa ke da wuya sai aka fara jifa da duwatsu a cikin gidan, abin da ba a saba gani ba. 'Yan kallo suka riƙa zuwa mota-mota suna tattake lambu. A 1937 Price ya kama hayar gidan na shekara guda, ya sa talla a jaridar The Times yana neman masu sarari da za su riƙa kwana suna gadi. Ya zaɓi mutum 48, da yawansu ɗalibai, ya ba su ɗan littafin ƙa'idoji. Kayan aikin da ya yi suna da su sun haɗa da takalmi mai laushi don kada a ji sawu, da tef na awo, da ma'aunin zafi, da kyamara, da alli na zagaye kaya don a ga ko sun gusa, da ɗan kwanon zaiba don gane girgizar ƙasa. Yawancin abin da masu wannan sha'awa ke yi har yau, daga nan suka gaje shi.

Gidan ya ƙone a watan Fabrairu na 1939, aka rushe abin da ya saura a 1944. Price ya fitar da littafi a kansa a 1940, ya samu suna da kuɗi, ya mutu a 1948. Bayan mutuwarsa wani ɗan jarida ya ce ya taɓa cafke shi a gidan da duwatsu cike da aljihu. A 1956 mutum uku daga ƙungiyar binciken nan suka fitar da rahoto bayan sun bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Suka ce wasu abubuwan shi ya ƙirƙira da hannunsa, sauran kuma ɓeraye ne, da iska, da amsa-kuwwar tsohon gini.

Talabijin ya sake hura wutar abin, da shirin Most Haunted a Ingila a 2002, da Ghost Hunters a Amurka a 2004. A garuruwa irin su York da Edinburgh, zagayen dare da 'yan yawon buɗe ido don jin labaran fatalwa ya zama sana'a, kuma masu tsofaffin gidaje da otal-otal sun gane cewa ɗakin da aka ce akwai fatalwa a ciki ba ya rasa mai haya.

Abin da aka kama

To Malam, ga amsar tambayarka ta biyu. A cikin shekara fiye da 260 tun daga lungun Cock Lane, babu wanda ya kawo fatalwa, ko wata hujja a kanta da masana kimiyya suka gwada suka amince. Abin da hannu ya kama shi ne yarinya da katako, da baduku da mayafi, da yatsan ƙafa, da aljihu cike da duwatsu.

Inda babu zamba kuma, sau da yawa akan samu dalili. Katako da kwanon rufi suna buɗewa da zafin rana su tsuke da sanyin dare, shi ne ƙarar da kake ji kamar ana tafiya a sama. Dannau, wanda mutum zai farka ya kasa motsi ya ji kamar an hau ƙirjinsa, likitoci sun bayyana shi da cewa ƙwaƙwalwa ce ta farka kafin jiki ya saki daga barci. A 1998 wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya ba da rahoton yadda ya ga wata inuwa a ɗakin aikinsa, daga baya ya gano wata fanka ce ke fitar da girgizar da kunne ba ya ji, kuma da aka gyara ta abin ya daina.

Wanda ya fi shafar rayuwarka shi ne wannan. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka koma wani tsohon gida, suka riƙa jin sawu da ƙararrawa cikin dare, suna ganin mutane a gindin gado, ga ciwon kai da kasala, har shuke-shuken cikin gida suka bushe. Da aka duba sai aka tarar murhun ɗumama gidan ne ya lalace, yana zuba musu wata iskar guba marar launi marar wari. Aka gyara murhu, fatalwa ta ɓace. Wannan iska ita ce dai ke fita daga garwashin gawayi da hayaƙin janareta. Saboda haka idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da gane-gane, musamman lokacin sanyi da ake kwana da kaskon wuta, a fara buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a nemi asibiti. Janareta kuwa kada ya kwana a cikin ɗaki ko a bakin taga.

Sauran darasin biyu ne. Duk inda ka ji an ce wani abin tsoro ya bayyana, ka tambayi kanka wa ke karɓar kuɗin shiga, wa kuma ake bi bashi, domin fatalwar Cock Lane da bakin wanda ya ƙi biyan bashi take magana. Sa'an nan idan jita-jita ta tashi a gari har matasa suka fara ɗaukar gora da adda, a tuna da birkilan Hammersmith, wanda laifinsa kawai shi ne ya sa kayan aikinsa ya bi hanya da dare. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A haska fitila, a yi tambaya, a jira amsa, in abin ya fi ƙarfi a kai wa mai unguwa ko hukuma.